Naman Kazan Suri Ba Ya Son Wanka

Ni Gado, tun da uwata ta haife ni ban taɓa ɗora tukunya a wuta ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma in maganar gyaran naman kaza ce, wannan farin tsiro da ke fitowa a jikin suri bayan ruwan sama, to a ƙauyenmu Hillat Maliki kaf babu macen da za ta nuna mini hannu. A yini ɗaya na koya, kuma tilas ce ta koya mini.

Shekarar da ake gina madatsar ruwa ta Rusairis ce. Muna zaune a ƙauyenmu kudu da Sinnar, ina noman auduga da dawa a hawashata, wato gonar da aka yanka mini a bakin babbar hanyar ruwa da muke kira tur'a. Shekarata bakwai da auren Huseina, 'yar wani ƙauye can bayan Rusairis, Allah bai ba mu haihuwa ba. A ta takwas sai ga ciki. Murnar da na yi ba ta faɗuwa, har jakin maƙwabcina Mahadi sai da na yi wa barka da asuba a hanya.

Sai laulayi ya zo ya zauna mana a gida. Duk abin da Huseina ta sa a baki sai ya dawo. An gwada kisra, wato siririyar wainar dawa, an gwada kunun tsamiya, an gwada romon tantabara, an dama fura da nonon da ko tsami bai yi ba. Wata biyu ana haka. Matar da ke ɗaukar tulu biyu daga tur'a ta koma ba ta iya tashi daga angareb ɗinta, wato gadon igiya, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Na kai ta asibitin Sinnar, hakim, wato likita, ya ba da magani, ya ja ni gefe ya ce maganin taimako ne kawai. In ba ta fara cin abinci ya zauna ba, cikin ba zai tsaya ba, ita ma ba a san yadda za ta kaya ba. Na so in aika a ɗauko uwarta, amma ƙoramun bayan Rusairis sun cika, ko raƙumi ba ya ƙetarewa.

Mai riƙe da gidan a lokacin yayata ce, Barakatu, wadda ta dawo wurina tun da mijinta ya rasu. Yaya Barakatu mace ce mai murya. In ta yi maka sannu da zuwa, na bayan gari ma ya san ka dawo. Tana son Huseina kamar ranta, sai dai sonta da faɗa yake fitowa. Kullum ta kawo kwano ta ce, "Ci, ke! Ko so kike ki haiho muna ƙadangare?"

Wata ranar Laraba aka kwana ana tsawa da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe na leƙa ɗaki, na tarar Huseina ta ɗaga kai tana shaƙar iska.

"Malam, ka ji ƙamshin ƙasa? Yau in a garinmu ne, da tuni mata sun hita da ƙore."

"Zuwa ina?"

"Suri. In anka yi tsawa irin ta jiya, naman kaza shina hitowa da sahe. Inna takan yi muna miya tai da man riɗi." Ta haɗiyi yawu, na ga maƙogwaronta ya motsa. "Shi nika son ci."

Wata biyu ban ji ta ce tana son cin wani abu ba. Da cewa ta yi hantar kada take so, da na shiga kogi.

Yaya Barakatu da ke shara a tsakar gida ta yar da tsintsiya. "Laimar kwaɗi? A'uzu billahi! Guba za ki ci da ciki?"

"Yaya, ta kwaɗi daban ta. Wanga matan ƙabilar Barta sunka koya ma innarmu, tun muna ƙanana muka cin shi, ga ni ban mutu ba."

"Ba ki mutu ba, amma dibi yadda kinka koma."

Huseina ta yi dariya, 'yar ƙarama, ta farko a cikin makonni. Sannan ta ba ni alamomi, ta sa na maimaita mata kamar mai biya karatu. Sai wanda ya fito a jikin suri ko gindinsa. Hularsa da ɗan tsini a tsakiya. In ka tona za ka ga doguwar saiwa ta nutse can cikin gidan gara. Wanda ya fito a kan kashin shanu ko ruɓaɓɓen itace, ko kallonsa kada in yi. Ta ce kwana biyu yake yi, in ya daɗe uku, daga nan sai baɗi.

A cikin gonakin ban-ruwa babu suri, an daɗe da baje su. Sai da na ƙetare tur'a na shiga dajin bagaruwa, laka tana kama mini ƙafa har idon sawu, takalmi ɗaya ma can na baro shi. Wajen hantsi na ga wani jan suri, gefensa fari fat da huluna, wasu sun buɗe kamar faifai, wasu ba su buɗe ba. Na durƙusa na tona da wuƙa, ga saiwar nan doguwa yadda ta faɗa. Na cika rawanina dam, na dawo gida da ƙafa ɗaya a takalmi ina waƙa.

Huseina ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya tana juyawa tana sansanawa. Ta ware biyu ta ce a jefar, sauran ta ce su ne. Wannan ɗan aikin kaɗai ya gajiyar da ita. Ta ce a ajiye a inuwa kada a taɓa sai ta ɗan huta, barci ya ɗauke ta. Ni kuma na tafi gona, don ranar ce ranar ruwanmu, in ban buɗe wa shukata ba sai wani makon.

Abin da ya faru a bayana, daga baya Yaya ta faɗa mini da bakinta. Ta zauna tana kallon abin nan, zuciyarta ba ta kwanta ba. A wurinta duk abin daji mai guba magani ɗaya gare shi, wanda iyayenmu suke yi wa 'ya'yan anza a shekarar yunwa: a jiƙa, a zubar, a sake jiƙawa, har ɗacin ya fita. Sai ta kwashe su ta zuba a babbar tasa, ta ɗebo ruwan tur'a ta malala a kai. Ruwan tur'a kuwa a wannan watan ja ne jawur, kogi ya kwaso ƙasar Habasha gaba ɗaya ya kawo mana. Sau uku tana canjawa, tana murza su da hannu kamar tana wankin tumbi. Sannan ta yi miya da albasa da yaji, don Huseina ta farka ta tarar an gama.

Na dawo bayan azahar na tarar Yaya tana shiga ɗaki da kwano, kai a sama. Huseina ta dubi miyar, ta dubi Yaya. Ta ɗebi cokali ɗaya ta kai baki. Daga bakin ƙofa inda nake tsaye na ji ƙaras a haƙoranta. Ta yi ƙoƙarin haɗiyewa don kada Yaya ta ji kunya, abin ya ƙi, aka miƙa mata tasa.

Da ta sami numfashi ta ce, "Yaya, jiƙa shi kinka yi?"

"Sau ukku. Don gubar ta hita."

"Ba shi da guba. Amma shina shan ruwa kamar auduga. Duk lakar tur'a tana cikinai yanzu."

Ta juya fuskarta bango. Na ga kafaɗarta tana rawa, ba sauti. Raina ya ɓaci ƙwarai, na juyo zan yi wa Yaya magana, sai na ga ta zauna a ƙasa riƙe da kwanon. Na haɗiye maganata.

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗauki wuƙa na fita. Ban kai tur'a ba na ji tafiya a bayana, caɓal caɓal. Yaya ce, ta ɗaure zani a ƙugu, ƙwarya a ka.

"Ina za ki, Yaya?"

"Inda za ka. Kai da ko takalminka ba ka iya riƙewa, kai za a bari kai ɗai?"

Surin jiya babu komai, awaki sun riga mu, sai guntayen kara. Muka yi ta yawo daga wannan suri zuwa wancan har rana ta fito sosai. Na fara cire rai. Can sai na ji ihu daga bayan wata sarƙaƙƙiya, ihun da ya tashi 'yan kurciya daga itace.

"Gado! Ya zol, bawan Allah! Taho ka gani! Ga su nan da hulunansu kamar masu zuwa Idi!"

Matar da jiya take neman tsari da su, ga ta a durƙushe tana yi musu kirari. Guda goma sha ɗaya ne kawai. Na tono su a hankali da saiwarsu, muka shimfiɗa ganye a ƙwarya muka jera.

A gida Huseina ta duba ta ce duk masu kyau ne. Ta ɗauki wuƙa za ta fara gyara, ba ƙarfi, wuƙar ta suɓuce mata ta faɗi. Ta dubi Yaya. Yaya ta ɓoye hannayenta a bayanta ta ce wallahi ba za ta taɓa ba, hannunta ya yi laifi jiya, in ta sake ɓata waɗannan ba ta san inda za ta sa kanta ba. Sai suka juyo su biyun suna kallona.

Muka cicciɓo angareb ɗin Huseina muka kawo ƙarƙashin rumfa. Aka shimfiɗa mini tabarma a gabanta, aka ajiye faifai biyu. Na naɗe hannun riga na zauna kamar ɗalibi.

"Kada ka yi sauri, Malam. Bari lakar ta sha iska tukuna. In ta bushe da kanta taka ɓanɓarowa."

Muka jira. Sannan ta ce in ajiye wuƙa, tana cin naman da yawa, in ɓare bayan karan dawa in yi aiki da kaifinsa. Na fara kankare saiwar daga sama zuwa ƙasa, jar ƙasar suri tana zubowa, farin yana fitowa. Na farko na danna da ƙarfi ya karye biyu. Huseina ta ce, "Wayyo! Ba gindin auduga kaka tumɓukewa ba." Na biyu ya fi. A na uku hannuna ya fara gane abin.

Bayan saiwa sai hula. Akwai wata siririyar fata a samanta, inda ƙasa da kashin gara suke mannewa. Ana kama bakinta da farce a ja ta zuwa tsakiya, ta taho salin-alin. Amma babban aikin yana ƙarƙashin hular, cikin siraran layukan nan da suke jere kamar haƙoran mataji. Nan yashi yake ɓuya, kuma yatsa ba ya shiga. Huseina ta ce sai da gashin tsuntsu. Yaya ta bi zabuwarmu da gudu ta zagaya rumbu sau biyu, ta dawo tana haki da gashi uku a hannu.

Ina cikin share layukan nan ɗaya bayan ɗaya, ina hurawa da baki, sai ga Mahadi da wasu maza biyu za su gona. Katangarmu gajeriya ce. Mahadi ya tsaya, ya ɗora haɓa a kan katanga.

"Salamu alaikum, Hajiya Gado. Mi anka samu? Kitso kaka yi ma laimar kwaɗi?"

Sauran suka fashe da dariya.

"Kitso nika yi, Mahadi. In na ƙare in zo in yi ma gemunka, ya fi wanga yashi."

"Wallahi sai na faɗa a masallaci."

"Faɗi. Amma kahin nan shigo ka tare mani iskar ga, tana maido ƙasa cikin faifai."

Ya leƙo sosai, sai ya hango Huseina a kan gado, ya ga yadda ta koma. Rabonsa da ganinta tun kafin shuka. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce wa abokansa su yi gaba, ya jingine fartanyarsa, ya shigo ya tsuguna ta inda iska take, ya baza babbar rigarsa. Bai daɗe ba ya karɓi gashi ɗaya ya ce in miƙo masa wancan ƙaramin, wai ni ba ni da ido.

Huseina tana kwance tana ba da umarni, muryarta tana ƙara fitowa. Kowace saiwa a tsaga ta biyu da hannu, ba da wuƙa ba, a duba ko tsutsa ta yi hanya a ciki. Inda ya yi baƙi a cire. Kada a haɗa wanda aka gyara da wanda ba a gyara ba. Mahadi ya miƙa mata nasa yana jiran yabo, ta ɗaga shi ta duba a hasken rana, ta ce akwai saura a layi na gefe. Ya karɓa ya sake, yana gunaguni wai ko mufattishi mai duba gonakin auduga bai kai ta tsanani ba.

Ita kuwa Yaya ta samo wa kanta aikin da ta iya. Ta daka 'ya'yan zogale, ta ƙulla a tsumma, ta kaɗa a cikin tulun ruwa yadda matanmu suke yi in kogi ya yi ja. Kafin mu gama lakar ta kwanta a ƙasa, ruwan sama ya yi garau. Ta tace a ƙwarya ta kawo ta ajiye, ta ja da baya.

"Yanzu ɗauraya," in ji Huseina. "Tsoma ka cire. Kada ka bari ya zauna ko na ƙibtawar ido. In ka cire ka yarfe, ka shanya bisa faifai."

Na tsoma na cire, na tsoma na cire. Da na gama, Huseina ta ce a miƙo mata ƙwaryar. Ta sa yatsa ta shafa gindinta ta murza. Ta ce, "Kwayyis," wato ya yi kyau. Ni da Mahadi muka dubi juna kamar an ce mun ci jarrabawa.

Abin da ya rage bayan duk wannan bai fi cikin tafi biyu ba. Wajen dahuwa Yaya ta sake cewa ba za ta taɓa ba. Huseina ta kamo bakin zaninta ta ce, "Yaya, duk garin ga ba mai hannun miya irin naki. Ni dai in faɗa, ke ki yi." Yaya ta share ido da gefen mayafi ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Aka kawo murhu kusa da rumfa. Man riɗi kaɗan, albasa ɗaya, gishiri, babu yaji. Da aka zuba naman kazan ya yi ƙara, ya fitar da ruwan jikinsa, wani ƙamshi ya tashi mai kama da na nama da na ƙasar da ruwa ya daka. Aka barbaɗa garin busasshiyar kuɓewa don ta ɗan yi yauƙi. Na ga Mahadi yana haɗiyar yawu, na harare shi.

Aka tallafo Huseina ta zauna, aka sa mata kwano da kisra ɗaya mai laushi. Ta yi bisimilla. Mu uku muna tsaye a kanta, ba mai motsi. Ta gutsuri kisra, ta dangwala, ta kai baki. Ta tauna a hankali. Na kasa kunne iya kasawa, ban ji komai ba. Ta haɗiye, ta rufe ido. Yaya ta matso da tasa kusa, ko da za a buƙata.

Huseina ta buɗe ido ta ture tasar da ƙafa, ta sake gutsura.

Ta cinye kisrar, ta ce a ƙaro rabi. Ta suɗe kwanon da yatsa. Mu dai ba wanda ya ɗanɗana, kuma ba wanda ya ji haushi, sai dai Mahadi da ya ce shi aikin banza ya yi ke nan. Muka zauna jira. Inuwar rumfa ta matsa, aka kira azahar, muka yi salla a nan tsakar gida don kada mu yi nisa. Abinci ya zauna. Ta yi gyatsa, Yaya ta rangaɗa guɗa har matan maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Wajen la'asar ina zaune ina tsintar ƙayar bagaruwa daga tafin ƙafata, sai na ji igiyar gado ta yi ƙara. Na ɗaga kai. Huseina ta sauko da ƙafafunta ƙasa, ta kama ginshiƙin rumfa ta miƙe. Na zabura zan riƙe ta, ta ce in bari. Ta yi taku uku, ta tsaya tana duban tsakar gidanta, ta dubi rumbu, ta dubi turken awaki, ta dubi igiyar shanya. Na ga girarta ta haɗe.

"Malam, wa yab bar turmina cikin ruwa? Dibi gindinai duk ya yi baƙi! Kuma wanga tarin toka, tun yaushe shike nan? Wata biyu kawai na kwanta, kun maida mani gida kamar zangon raƙuma?"

Yaya ta kama ƙugu ta fara ramawa da muryar nan tata. Na je na rungumo turmin da lakarsa da komai, ina dariya hawaye yana zubo mini, na ce ta faɗi inda take so a ajiye shi.

"Can," in ji ta. "A'a, ba nan ba. Can. Kuma in ka aje, ka ce ma Yaya ta ɗora kunu, yunwa nika ji."